RANAR DA NA RIƘE SIFANA

  Na san kun saba da ni a littattafan soyayya, inda saurayi kan zo zance cikin Marsandi yana tashin ƙamshin turare. To yau ba Marsandi na kawo muku ba, tsohon mashin ne ƙirar Bajaj Boxer, irin wanda ake ƙerawa a Indiya, wanda shi ne ke ɗora tukunya a gidanmu a nan unguwar Mabera cikin birnin Sakkwato.

Tun da Allah Ya yi wa Babanmu rasuwa a shekarar 2021, ba abin da ya bar mana sai gida da wannan mashin. Yayana ya ajiye karatunsa ya shiga kabu-kabu, wato abin da mutanen Kano ke kira acaɓa. Da shi muke ci, da shi na ƙarasa sakandare, da shi kuma Autarmu ke karatu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai ya zamana abin da Yaya ke shigowa da shi da dare bai wuce na cefane ba. Gyaran mashin kuwa sai a ce gobe, goben kuma ba ta zuwa.

A hunturun farkon 2024 ne na lura da wani baƙin zobe na maiƙo a jikin ƙarfen nan mai ƙyalli da ke riƙe da tayar gaba, ƙura ta manne masa kamar kwalli. Na tambayi Yaya, ya ce shokozoba ce ke yoyo, sau biyu yana kai wa wani bakanike, ana canza roba ana karɓar kuɗi, bayan mako biyu ta dawo. Ya ce zai sake kaiwa in an samu sarari. Ashe sararin ba zai samu ba.

Wata ranar Talata ya ɗauko Auta daga makaranta, wani yaro ya gitta musu a guje. Yaya ya damƙi birkin gaba, birki bai kama ba, gaban mashin ya nutse, suka zube cikin rairayi. Allah Ya tsare yaron, Auta ta ƙuje a gwiwa, amma Yaya hannunsa na dama ya karye. Mai ɗori ya ce sai ya yi makonni bai taɓa mashin ba. Ga kuɗin rajistar jarrabawar WAEC ta Auta an matsa a kawo. Wani ɗan ƙanen Inna ya yarda zai riƙa hawa yana kawo mana balas kullum, amma ya rantse ba zai hau ba sai an gyara. Kuɗin da ke hannunmu kuwa ko dai a sayi kayan gyara, ko a biya bakanike, ba za su yi duka biyun ba.

Da dare na ji Inna tana kuka a hankali don kada mu ji. Da safe na sami Yaya na ce, "Yaya, kai ka san aikin, ni kuma ina da hannu biyu. Ka faɗa, in yi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in ɗauko akwatin Baba. Inna ta fito tana tafa hannu. "Ke ɗiyag ga, mi kike shirin yi? Wanga ba aikin mata ba na. In mutane sunka gane ki fa?" Na ce, "Inna, mutanen nan ba su za su biya wa Auta kuɗin jarrabawa ba." Ta yi shiru ta koma ɗaki, amma can sai ga ta da tsohon zane ta miƙo mini in ɗaura.

Bari in ɗan bayyana muku abin, domin ni ma a ranar na sani. Tayar gaba ƙafafu biyu ke riƙe da ita. Kowace ƙafa bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya. A ciki akwai doguwar sifirin da ke ɗaukar nauyi, akwai kuma mai da ke bi ta wasu 'yan ƙananan huduji a hankali, shi ke hana mashin yin tsalle kamar ɗan akuya in ya faɗa rami. A bakin bututun ƙasa akwai zoben roba da makanikai ke kira oyil sil, shi ke tsare man. Ƙurar hunturu da rairayin garinmu su ne manyan maƙiyansa, suna cin leɓensa kaɗan-kaɗan. In ya mutu mai ya tsiyaye, gaba ya riƙa nutsewa, man kuma ya gangara har ya jiƙa birki. Birkin da ya sha mai kuwa sunansa kawai birki.

Ɗan ƙanen Inna ya sayo mana sil biyu, da robar tare ƙura biyu, da man shokozoba, da sabon takalmin birki. Yaya ya hana shi sayen mafi araha, ya ce araha ba ta ado. Muka kafe mashin a tsakar gida, muka tura bulo da katako a ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa. Na cire wayar birki da ta mita, na kwance noti na zare ƙarfen taya, na cire madigadi. Kowane noti na cire sai Auta ta jera shi a faranti bi da bi, don kada mu rikice wajen mayarwa.

Wallahi notin farko sai da na yi hawaye. Na ja, na ja, ya ƙi. Yaya ya ce in zura guntun bututu a wutsiyar sifanar don ta ƙara tsawo, ina dannawa kuwa sai ji na yi ƙas, ya saki. Ashe dabara ta fi ƙarfi. Ya kuma sa na fara sassauta ƙusar da ke can ƙasan ƙafar da alanki tun sifirin tana danne da ita, domin in an riga an cire sifirin sai ta yi ta juyawa a banza. Da na zo buɗe murfin sama ya ce in danne da tafin hannu. Ban danne sosai ba, murfi ya yi tsalle ya faɗa cikin kajin Inna, suka watse suna kyarkyara. Ranar ce farkon dariyar Yaya tun da ya faɗi.

Man da muka juye daga ƙafar hagu ko rabin na dama bai kai ba, ga shi baƙi ƙirin yana wari. Na zare bututun, na ɗaga robar ƙura, na cire siririn zoben ƙarfen da ke danne da sil, sannan na ɓamɓaro tsohon da sukudireba a hankali. Muka wanke komai da kananzir. A nan ne Yaya ya ce in shafa bututun da farce. Sai na ji wani ɗan kaushi, tabon haƙorin filaya ne da wani ya taɓa damƙa. Wannan ɗan tabon da ido ke raina shi ke yanka kowane sabon sil. Na goge shi da samfefa mai laushi da ɗigon mai har ya yi sumul.

Na mayar da bututu na ɗaure ƙusar ƙasa, na rufe bakinsa da leda don kada kaifi ya yaga leɓen roba, na shafa wa sabon sil mai. Saura kaɗan in sa shi a kife, Yaya ya daka mini tsawa: gefen rubutu sama, gefen da ke da 'yar sifirin ƙasa wajen mai. Da guntun bututun famfo na roba na riƙa buga shi har ya zauna daidai, zoben ƙarfe ya koma gurbinsa. Awon mai kuma littafin mashin ne ya faɗa mana, wanda Baba ya adana a akwatinsa. Da Turanci yake, ni na karanta, muka auna da tsohuwar fidar jarirai, ƙafa biyu awo ɗaya. Na yi ta turawa ina ja har iskar ciki ta fita, sannan sifirin da murfi.

Ana idar da la'asar, ina durƙushe hannuna baƙi har gwiwar hannu, sai sallamar wanda ke neman aurena, ya zo duba Yaya. Ƙawayena, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya tsaya yana kallona bai ce komai ba, gabana na ta faɗuwa. Can sai ya cire hularsa ya miƙa wa Auta, ya naɗe hannun riga ya ce, "Ranki shi daɗe, ina zan riƙe?" Shi ya riƙe taya na zura ƙarfe. Birki kuwa Yaya bai yarda da kowa ba, sai da ya sa aka gwada a gabansa sau da yawa a cikin lungu kafin mashin ya hau titi.

Ba zan ɓoye muku ba, magana ta zaga. Har wata gwaggonsa ta ce wai bakanike za a kawo musu gida a matsayin amarya, kuma abin ya yi mini ciwo. Amma Auta ta zauna jarrabawarta, shokozoba ba ta sake ɗiga ba har Yaya ya warke, Inna kuma in baƙi suka zo ita ke fara ba da labarin.

Don haka ƙannena, duk wadda za ta hau kabu-kabu zuwa makaranta, ta ɗan kalli ƙarfen nan biyu na gaba. In kin ga maiƙo na gangarowa wajen taya, ki yi haƙuri ki jira wani, makara ta fi karaya sauƙi. In kuma akwai mashin a gidanku, ki tuna wa Yayanki ya riƙa goge ƙurar wurin kullum. Rigakafi ya fi magani.

Ku taya mu da addu'a, Allah Ya jiƙan Babanmu, Ya tsare mana 'yan uwanmu da ke nema a kan titi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum, 'yar uwarku daga Sakkwato.