Rana Guda a Kasuwar Tsofaffin Bindigogi ta Tulsa

Tun kafin a buɗe ƙofa layi ya riga ya miƙe, galibi dattawa masu furfura, wasu riƙe da hannun jikokinsu. Baje kolin makamai ne na Wanenmacher a birnin Tulsa, jihar Oklahoma ta Amurka. Kasuwar tana ci sau biyu a shekara, Afrilu da Nuwamba, da tebura sama da 4,000 a ƙarƙashin rufi ɗaya. Duk wanda ya zo da bindigarsa sai an tabbatar babu harsashi a ciki, an ɗaure ta, kafin ya wuce.

Mai masaukina ko kallon sababbin bindigogi bai yi ba. Kai tsaye ya ja ni ɓangaren tsofaffin bindigogin soja masu sakata, irin waɗanda bayan kowane harbi sai ka ɗaga sakatar ka ja baya, kwanso ya fice, ka tura wani harsashin. Wurin duk warin wani maiko mai kauri da ake kira cosmoline, wanda rundunoni suka riƙa dulmiya bindiga a ciki don kada ta yi tsatsa a ma'ajiya. Ga Mosin-Nagant ta Rasha, ƙirar 1891, wadda aka ƙera miliyoyinta, har akwai lokacin da ake sayenta a nan ƙasa da dala 100. Ga Mauser K98k ta Jamus, ta 1935. Gwamnatin Amurka ma tana da lasisi na musamman na masu wannan tari, wanda ya shafi bindigar da ta haura shekara 50.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake ciniki. A kasuwarmu mai kaya goge shi yake yi ya yi ƙyalli. A nan kuwa wanda ya kankare kotar bindiga ya shafa mata sabon fenti ya karya kuɗinta. Mai saye sai ya fito da tocila da madubin ƙara girma yana neman lamba: shin ta jikin sakata ta yi daidai da ta gangar jiki? Idan Mosin ce, wace masana'antar Rasha, Tula ko Izhevsk? Wani dattijo ya nuna mini Arisaka guda biyu na Japan. A kan ɗaya akwai tambarin furen sarkin Japan, a ɗayar an goge shi da zarto lokacin da Japan ta miƙa wuya a 1945. Mai furen ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Ya kuma kwance ƙarfen gindin wata K31 ta Suwizalan, sai ga 'yar takarda ɗauke da sunan sojan da aka ba ta da garinsu. Ya ce wasu masu tarin sukan bi sunan har su samo iyalin.

Can ƙarshen layi na tsaya cak. Lee-Enfield ce ta Ingila mai cin harsashi 10, irin wadda tsofaffin 'yan sandanmu suka daɗe suna rataye da ita. Ita ce bindigar da sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ɗauka zuwa dazukan ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, cikinsu akwai Hausawa da yawa. Kakana yana cikinsu. Na ɗaga ta, na ji nauyinta a kafaɗa.

"Baba," na ce wa mai teburin, "ko ka san 'yan Afirka sun yi yaƙi da wannan?"

Ya san shekarar da aka ƙera ta, da masana'antar, da ma'anar kowane hatimi a jikinta. Labarin 'yan Bama kuwa bai taɓa ji ba. Ya ɗauko biro ya ce in maimaita masa lambar rundunonin.

Ban ga laifinsa ba. Ni jikan ɗan Bama ne, amma da ya tambaye ni lambar kakana ta soja da bataliyarsu, shiru na yi. Na ajiye bindigar, na fita waje na kira gwaggona a waya, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana, na ce ta taimaka ta buɗe tsohuwar adakar nan tasa.