Ruwan da Muke Kora da Damina, Muke Saye da Rani

A watan Fabrairun da ya wuce, ranar da muka tsaya wa liman a sallar Asuba, sai da aka jinkirta iƙama ana jiran mai kura, domin rijiyar masallaci ta ƙafe, guga na dawowa da taɓo. Dattawa na tsaitsaye da butoci ba ruwa. A Ibadan fa ke nan, garin da ake fara ruwa tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen ƙarshen Oktoba. Da a Katsina ne ko Maraɗi, inda kakannin wasunmu suka baro, da sai mu ce dama haka ƙasar take.

Rijiyar nan tashi muka yi muka tarar da ita, kuma da ƙuruciyarmu ba ta yi mana haka. To me ya canja? Mutane sun ƙaru a Sabo, gaskiya ne. Amma mu dubi tsakar gidajenmu. Da ƙasa ce, ruwa ya sauka ya nutse. Yanzu duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya daɓe gida da siminti har bakin ƙofa. Mu ma mun yi namu, har muna murna an rabu da caɓi. Alhali ƙarƙashin Ibadan dutse ne, ruwan rijiya yana zaune ne cikin ƙasa da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, kuma ba abin da ke cika shi sai ruwan saman da ya nutse. Mun toshe masa hanya, mun kora shi kwata, kwata ta kai shi Ogunpa. Wanda ya ga ambaliyar 1980 da ta Agustan 2011 ya san abin da ruwa ke yi idan ya rasa wurin shiga.

Ga lissafi irin namu na kasuwa. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, idan an yi ruwa milimita 1,200 a shekara, kuma na Ibadan yakan kai haka, lita 120,000 ke sauka a kansa. Jarka mai lita 25 guda 4,800 ke nan. Kowa ya buga da kuɗin da ya sayi jarka bana. Mu da muka buga, shiru muka yi.

Ba wanda ke da tankin da zai ɗauke wannan duka, ba kuma shi ake nema ba. A sa indararo a bakin kwano, a bar ruwan farko ya zube don ya tafi da ƙura da kashin tsuntsu, sannan a juya bututu zuwa tanki mai murfi, a sa raga a bakinsa saboda sauro. Na sha a tafasa. Na alwala kuwa, tun a Ishmawi muka karanta halaccinsa da ruwan sama. Idan tanki ya cika, ragowar ta gangara cikin rami da aka zuba wa duwatsu da tsakuwa da yashi, ta nutse a hankali ta tarar da rijiya.

Wani Alhaji ya ce mana gidajen Sabo a matse suke, ramin zai haɗu da masai. Maganarsa a kan hanya take. Inda shadda ke kusa kada a haƙa, a tsaya a tanki kawai. Amma bayan masallacinmu akwai fili, nesa da bayi, shi ne ɗan abin da ya rage ba a daɓe ba, kuma shi kwamiti ke son zuba wa kankare da kuɗin da aka tara.

Muna roƙon a dakata. Kuɗin simintin zai sayi indararo da tanki ɗaya, ramin kuwa samarinmu sun ce za su haƙa kyauta. Za a zauna kan maganar ranar Juma'a bayan Isha'i, kuma wanda ya riƙe buta ba ruwa a Asubar nan muna so ya zo ya faɗa da bakinsa.