Labarin da Ya Tafi da Baya

Ƙanena ne ya tura min fim ɗin a waya, ranar wata Alhamis da ya dawo Gumel daga kasuwar Maigatari. Mai turin ya ce masa fim ɗin yaƙi ne. Bai yi ƙarya ba, sauran ne dai bai faɗa ba.

Sunansa The Night Watch, BBC ta nuna shi a 2011, an ciro shi daga littafin Sarah Waters na 2006. Landan ce a zamanin yaƙin Hitila. Wata mai suna Kay tana tuƙa motar asibiti cikin dare, tana zaƙulo mutane daga ɓaraguzan gidajen da jiragen Jamus suka rusa. Ban yi nisa ba na gane ba ƙawance kaɗai ke tsakanin matan nan ba. Na yi a'uziyya, na kife wayar a kan tabarma. Maigida yana barci. Can na sa abin kunne na ci gaba.

Abin da ya riƙe ni shi ne labarin da baya yake tafiya. An fara da 1947, Kay tana gararamba a titi ita kaɗai, sai 1944, sai 1941, daren da ta tono Helen daga ƙarƙashin gini. Kina kallon farkon haɗuwarsu, kin riga kin san yadda za su rabu.

Ni ma sai nawa ya juya. Bara na ga wata a gidan biki a Sule Tankarkar, muka gaisa kamar baƙi. Kafin nan, na ji an aurar da ita wani ƙauye wajen Gagarawa, ko jarrabawar fita ba ta zana ba. Kafin nan, an tsayar da su biyu gaban 'yan makarantarmu ta kwana, aka kira su 'yan maɗigo, aka kore su. Kafin nan, wata malama ta tambaye ni ko na gan su, na ce eh.

Na san hukuncin addinina kan maɗigo, ba shi nake tuhuma ba. Amma abin da idona ya gani a daren nan, yara biyu ne cikin bargo ɗaya a tsakiyar hunturu. Shekarata 14, tsoron bulala nake.

Na goge fim ɗin kafin kiran asuba. Lambarta da na karɓa a wajen bikin tana nan a wayar, ban kira ba tukuna.