Darasin Farko a Filin Kokawar Mandera

Motar Tambuwal na shiga daga Sakkwato da hantsi, hunturu ya fara busawa, an riga an kai gero gida. Hanyar ta ratsa ƙasar Bodinga, inda wanda ya san tarihin jihadi ba ya wucewa ido rufe. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya yi zama a Bodinga. Gaba sai Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Nan na sauka, na hau kabu-kabu zuwa Mandera, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Shagari, tare da irin su Kajiji da Lambara da Dandin Mahe.

Kokawa ce ta kai ni, amma ba ta ranar gasa ba, wadda ake yi da kiɗa da kirari da liƙi. So nake in ga abin da ake fara koya wa yaron da bai taɓa kama kowa ba.

Bayan la'asar aka raka ni wani fili mai yashi a bayan gari. Wani dattijo da ya yi kokawa a zamaninsa yana zaune kan kututture, yara 'yan shekara goma zuwa sha biyar suna tsaye gabansa ba takalmi. Tsayuwa kawai suke yi. Ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙugu ya sauka, hannuwa a gaba a sake. Ba wanda ya taɓa wani. Can sai cinyar wani ta fara rawa, dattijon ya taso ya tsaya a gefensa.

"Kai ɗana, ina nauyinka yat tahi? Ga dunduniya shike ko ga yatsu?"

"Ga dunduniya, Baba."

"To maishe shi tsakiya."

Yaron ya gyara, dattijon ya tura shi da yatsu biyu a ƙirji, bai motsa ba. Na kusa da shi, wanda ya fi shi girma da kauri, turi ɗaya ya ja da baya taku biyu, don ya sandare gwiwa ya kuma riƙe numfashi. Daga nan aka ce su rufe ido su ci gaba da tsayuwar, nan take rabinsu suka fara tangaɗi. Likitoci suna da bayanin wannan: abubuwa uku ke riƙe mutum a tsaye, ido, da wani sashe na cikin kunne, da saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa. In an ɗauke ido, dole sauran biyun su farka. Dattijon bai yi karatun asibiti ba, amma abin da yake horarwa ke nan.

Sashen numfashi ya fi ɗaukar hankalina. Ya sa su gudu cikin yashi har suka fara haki, sannan kowa ya tsaya ya ɗora tafin hannu a kan cibiya. A ja iska ta hanci har ciki ya tura hannun, a sake ta a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Wanda kafaɗunsa ke ɗagawa, ya san da ƙirji yake shaƙa, sai a sake. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti in yana hutawa, kuma jan fitar da iska yana rage gudun zuciya. A fili amfanin a bayyane yake: ɗan kokawar da ya iya dawo da numfashinsa a tsakiyar kamu yana da sauran ƙarfi lokacin da abokin karawarsa ya zube.

Sai dab da magariba ya bari suka taɓa juna. Biyu-biyu, kafaɗa da kafaɗa, ido a rufe, ana turawa a hankali ba da niyyar kayarwa ba. Aikin kowa shi ne ya ji lokacin da ɗan'uwansa ya ja numfashi ko ya sauya ƙafa, domin a wannan ɗan taƙin ne jiki ke yin sako-sako. Da na tambaye shi dalilin jinkirta kamu haka, ya ce, "Malam, yaron da ba ya jin ƙahwatai, ba ya jin ta wani."

Na kawo maganar layu da guraye da ake gani a damtsen manyan 'yan kokawa. Bai musa ba cewa ana ɗaurawa, shi ma ya ɗaura a da, amma ya ce bai yarda yaro ya ɗaura komai ba kafin ya iya tsayuwa. Abin da ya fi damunsa shi ne ƙwaya. Samari suna haɗiyar tramadol don su daina jin gajiya da ciwo, a gona da kuma a fili. Ni ma nan damuwata take. Binciken da aka yi kan shaye-shaye a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Duk darasin dattijon a kan jin jiki ya ginu, ita kuwa ƙwaya aikinta kashe wannan jin. Wanda ya sha ba ya sanin ya gurɗe sai gari ya waye ƙafa ta kumbura.

Wasu ƙasashe sun ɗauki irin wannan ilimi da daraja. Mutanen Sin suna da taici, wanda mai koyo ke farawa da tsayuwa da numfashi kusan yadda na gani, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2020. Yoga ta Indiya ta shiga a 2016, shekarar da bikin kamun kifi na Argungu ya shiga, bikin da kokawa da dambe ke cikinsa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suka fara gasar kokawa ta cin takobi a Tawa, yau har filayen kokawa aka gina a manyan biranensu, yaro a Doso ya san sunan ɗan kokawa Issaka Issaka kamar na ɗan ƙwallo. A nan Mandera ilimin yana ƙirjin dattijo ɗaya, ba littafi, ba albashi. Ban ga abin da zai hana makarantun firamare na Shagari da Bodinga su gayyaci irinsa a lokacin motsa jiki ba, tunda ba a buƙatar komai sai yashi. Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani da lafiyar jiki.

Kafin mu tashi na tambaya yaushe waɗannan yara za su shiga fili gaban makaɗa. Ya nuna uku daga cikinsu ya ce watakila kaka mai zuwa. Babban nan da ya sandare gwiwa ba ya ciki, an ce ya dawo gobe da la'asar ya sake tsayuwa.