An Canza Mana Suna, Ba a Ƙirga Mu Ba

Tun ranar farko da na shigo makarantar nan na gane cewa tambayar da ta fi ba ni wuya ita ce: "Kai ɗan ina ne?" Da na ce Ƙunci sai dariya ta tashi. Wani abokina a hostel har yau ba ya kira na da sunana, sai dai ya ce, "Mutumin Ƙunci, Allah ya yaye maka!" A 2024 gwamnatin Kano ta mayar da sunan ƙaramar hukumar tamu Ghari. Na ji daɗi sosai, na ce to, tsokana ta ƙare.

Sai ga shi a zangon da ya wuce wani malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya rubuta inda ƙaramar hukumarsa take da yawan mutanenta. Sashen farko bai ba ni wahala ba. Muna arewa maso yammacin birnin Kano, maƙwabtanmu Bichi da Tsanyawa da Makoɗa, ga kuma iyakar Jigawa ta wajen Kazaure. Faɗin ƙasarmu kimanin murabba'in kilomita 671. Da na zo kan yawan jama'a sai na samu 111,018, a gefe an rubuta 2006.

Nan fa na ajiye biro. An yi wannan ƙidaya a watan Maris na 2006, ni kuwa da daminar shekarar aka haife ni. Ashe ba na cikin lissafin ma! Ƙannena biyar, su ma babu ko ɗaya. Ƙidayar da aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta.

Da na je hutu na tambayi Baba ko ya tuna ranar. Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Mu goma sha huɗu aka rubuta a gidan nan." Muka zauna muka ƙirga na yanzu, muka tashi da talatin da ɗaya. Gonar gandun da kakanmu ya bari kuwa tana nan yadda take, ba ta ƙara ko taku ɗaya ba. An raba ta tsakanin 'ya'yansa, nan gaba kuma za a sake rabawa tsakaninmu. A wajenmu ba ka ganin daji. Gona na ƙarewa, wata na farawa. Ba a barin ƙasa ta huta, sai dai jaki ya yi ta kai taki cikin mangala, a shuka gero da dawa, a cusa wake da gyaɗa a tsakani. Ana gama girbi samari su watse ci-rani.

Wani zai ce, to mene ne a lamba? Ai yawan jama'a na cikin ma'aunan da ake rabon kuɗin tarayya da su. Da shi ake lissafin ajujuwa nawa za a gina, allurar rigakafi nawa za a kawo, ungozoma nawa za a tura. Idan ana ɗinka wa saurayi riga da awon da aka yi masa yana jariri, kada a yi mamaki in ta ƙi shiga.

Na miƙa aikina da 111,018 ɗin, domin ita ce ke rubuce. Amma a ƙasa na ƙara layi ɗaya: "Malam, wannan adadi ban da ni." Kai ma ɗan'uwa, duba na ƙaramar hukumarku, ka ga ko kana ciki.