Riga Mai Wuta

Sanyin hunturu iri biyu ne a Bacirawa: na mai jin ɗumi a bakin murhu, da na mai tuƙa babur. A watan Janairu, da asuba, ma'aunin zafi a ƙasar Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13. Bature zai ce wannan ba sanyi ba ne. To, ya hau babur ya yi gudun kilomita 60 a awa, iska tana kwashe ɗumin jikinsa kafin jikin ya mayar, sannan mu ji ta bakinsa.

Ƙanina yana kai kayan gwari kasuwar 'Yankaba kullum bayan sallar asuba. Rawani, rigar sanyi ta gwanjo, da kwali a ƙirji, su ne garkuwarsa. Bara wata akuya ta gitta masa, ya kai hannu birki, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Allah ya tsare, tumatir kawai ya yi asara. Tun ranar Inna ba ta komawa barci sai ya kira ya ce ya isa.

Shi ya sa na nemo masa riga mai ɗumama jiki. Siraran wayoyi ne aka ɗinka a cikinta, wuta na bi su yi zafi. Irin wadda masu manyan babura ke sawa a Turai da batirin babur take aiki, tana cin wajen wat 70, ninki biyu na fitilar gaban Boxer. Ƙaramin babur ba zai ɗauki wannan ba. Sai na zaɓi mai aiki da batirin cajin waya. Aikina rubuta manhaja ne, lissafi ya zame mini jiki: batiri mai 10,000 mAh, riga mai cin wat 10, kusan awa uku ke nan. Ya ishe shi zuwa kasuwa, muddin an kai shi shagon mai caji da yamma.

Bayan mako guda na tambaye shi labari.

"Yaya, Allah ya saka da alheri, tarin ma ya ragu," in ji shi. "Sai dai ba ƙirji ke kama birki ba."

Ya ja ni ya nuna mini babur ɗin. Ya raba tsohuwar jarka biyu, ya ɗaure kowane ɓari a gaban hannun babur da waya, iska ba ta ƙara taɓa yatsunsa. Rigar na ba shi ɗumi, jarkar na hana a ƙwace. Yanzu abokan sana'arsa uku sun yanka tasu jarkar, ba wanda ya tambayi kuɗin rigar.

Inna dai har yau tana jiran wayarsa. Amma ta ce muryarsa ta daina rawa.