Sauri Ya Haifi Nawa

A dogon hutun da ya wuce ban zauna gida ba. Kawuna, wanda shi ke biyan kuɗin makarantata tun rasuwar mahaifina, mai sana'ar sa tayil ne, sai ya ce in riƙa binsa wurin aiki ina miƙa masa kaya. A lokacin ya sami aikin wani sabon gida mai ɗaki huɗu da babban falo, kuma da kuɗin aikin nan ne yake sa ran yi mini sayayyar komawa makaranta.

Ranar da na fara zuwa na tarar an riga an yi daɓen siminti, har ya yi mako huɗu yana bushewa, domin Kawu ya ce siminti ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wani siririn soso, kaurinsa kamar milimita 10, da aka zagaye gindin bango da shi tun kafin a zuba daɓen. Kansa ya leƙo sama da daɓen ko'ina, duk ya sa ɗakunan sun zama kamar ba a gama share su ba.

Ran nan Kawu ya tafi kasuwa sayo farin siminti, ya bar ni da yaronsa, ya ce in share falo. To, ku 'yan'uwana kun san yadda aka hore mu da tsabta saboda duba ɗakuna na ranar Asabar. Da na gama shara sai na ga soson nan ya ɓata mini aiki. Ban yi wata-wata ba na sami reza, na bi bango ɗaya na yanke shi daidai da daɓe, ina murna Kawu zai yaba mini. Yaron nasa kuwa sabo ne, bai fi ni sani ba. Ya kwaɓa siminti ya jera layi guda na tayil, ya manna su da bango ƙam, simintin ya cika bakin da soson ya bari.

Da Kawu ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya yi shiru. Can sai ya ce, "Wa ya yanke wannan?" Na ce, "Ni ne, Kawu." Bai zage ni ba. Ya miƙo mini guduma da kurfi ya ce a cire layin nan duka kafin ya kama. Garin cirewa tayil huɗu suka fashe, kuma daga aljihunsa za a biya. Jikina ya yi sanyi ƙwarai, don na san inda kuɗin za su ragu.

Bayan mun yi sallar azahar ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, daɓe yana motsi, ko da ba ka gani." Nan take na tuna darasin malamin kimiyya, cewa abu yana buɗewa in ya ji zafi, yana tsukewa in ya ji sanyi, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarafan titin jirgin ƙasa. Da dare na yi lissafi. Kowace mita ta siminti tana ƙaruwa da wajen kashi ɗaya cikin ɗari na milimita in zafi ya hau da digiri ɗaya. Ke nan daɓe mai tsawon mita 10 zai miƙe da milimita 2 in zafi ya ƙaru da digiri 20. Abin kamar ba kome, amma in tayil ya tokare da bango ta kowane gefe, ba shi da wajen zuwa sai sama. Ashe abin da ya sami falon maƙwabcinmu ke nan bara da bazara, sa'ad da tayil ɗinsa suka tashi da ƙara kamar harbin bindiga, mutane suka ce aljannu ne.

Kawu ya koyi wannan dabara ne lokacin da ya yi aiki ƙarƙashin waɗansu magina Jamusawa. A Jamus sukan bi da bututun ruwan zafi ƙarƙashin daɓe don ɗumama ɗaki, saboda haka daɓensu ya fi namu motsi, kuma soson yana hana ƙarar takun ƙafa bin bango ta dami maƙwabta. Mu ba mu da wannan, amma muna da zafin watan Afrilu da sanyin hunturu.

Ƙa'idar kuwa ita ce, ba a taɓa soson sai an gama jera tayil, an cike tsakaninsu da farin siminti, ya bushe. Sa'an nan ne za a yanke shi daidai da fuskar tayil. Daga nan a sa na gindin bango ba tare da sun zauna kan na ƙasa ba, a toshe tsakanin da roba mai laushi da ake kira silikon. Muddin kan soson yana tsaye, shi ke hana siminti gangarawa cikin tazarar.

Ranar da muka gama falon, Kawu ya miƙo mini rezar nan da kansa ya ce, "To, yanzu lokacinta ya yi." Na dawo makaranta da tsohon takalmina, domin kuɗin sabon sun tafi ga tayil huɗu, ban kuwa yi ƙorafi ba.

Ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai, in kun ga abin da ba ku gane ba a wurin aikin manya, ku tambaya kafin ku gyara. Iyayenmu kuma ina roƙonku, in kun ga mai tayil ya bar tazara a gindin bango, kada ku ce ha'inci ne. Tazarar nan ita ke tsare muku ɗaki.